Ba Fatar Ba Ce

Karaye,
ranar Lahadi bayan La'asar.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa kin sauka Kano lafiya, kin tarar da Gwaggonki Asabe da yaranta ƙalau. Allah ya tsare miki gabanki da bayanki, ya raba ki da sharrin hanya da sharrin baki, ya sa kin shiga garin a sa'a. Mahaifiyarki tana gaishe ki. Ga ta can tana ta ƙulla miki daddawa da kuka, sai ka ce an gaya mata a Kano ba a miya.

Wannan takarda a ƙasan akwatin kayan aikinki zan sa ta, ƙarƙashin tsumman mai, don na san ko ruwa ba za ki sha ba sai kin buɗe akwatin kin duba ko wani abu ya ɓata a mota. Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Waya ma zan iya kiranki, amma na san halina, in na ji muryarki sai in tsaya tambayar gajiya da ya hanya, mu yi sallama ban faɗi komai ba. A cikin takardar za ki ga guntun jar fata a naɗe. Kin san shi. Shi ne wanda yake cikin gwangwanin alluraina tun kina rarrafe, wanda kika taɓa ɗauka za ki yi wa 'yartsanarki ɗamara na daka miki tsawa har kika yi kuka. Kada ki yar da shi. Ki karanta har ƙarshe, za ki san na wane ne.

Bari in fara da Baffanki Lawan, don na san maganarsa ta tsaya miki a rai ko da ba ki nuna ba. Sau uku yana zuwa shagona a kan tafiyar nan. A zuwan ƙarshe ko zama bai yi ba, ya ce, "Haruna, kai yanzu ka rasa abin da za ka danƙa wa 'ya mace sai sifana? Me mutane za su ce da mu?" Na ce, "Yaya, su ce abin da suka ga dama. Ana jibi Sallah da keken matarka ya ƙi ɗinki, kayan mutane jibge a ɗaki tana hawaye, ni ina kwance da zazzaɓi, wa ya je ya tayar da shi? Ranar ban ji ka tambayi abin da mutane za su ce ba." Ya ja tsaki ya fita. Yayana ne, ina girmama shi, amma a kan wannan ko duk Karaye za ta taru a ƙofar shagona ba zan janye ba. Ni na koya miki aikin nan, na san abin da ke hannunki.

Kin ga dai yadda aka yi. Sagir, ɗan Malam Ɗanjuma Baduku, ya sayo manyan kekunan ɗinkin fata guda takwas, 'yan gwanjo masu moto, ya zuba a shagonsa na jakunkuna da takalma a Kano, kuma yawancin masu yi masa ɗinki mata ne. Ni ya zo nema in kafa masa su. Na gaya masa gaskiya, idona ya yi rauni, ramin allura ma sai na lalube. Na ce ga Ummi. Ya tsaya ya kalle ki kina kwance keken wani tela kina jera ƙusoshin a faranti ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara tambaya ba. To, keke takwas ne a gabanki, kuma kowane ɗaya sai an zo an tsaya a kanki an ce, "Ya yi?" A kan wannan tambayar nake rubuta miki. Amma bari in bi da ke ta kan ƙananan wautata tukuna, don ki san ubanki ba a gwani aka haife shi ba.

Ina saurayi, ban daɗe da barin hannun maigidana ba, wani mai gyaran takalma a Kurugu ya aiko mini. Yana da irin keken facin nan mai dogon hannu da ake juyawa da hannu, ya yi tauri. Na hau keken hawana na tafi, sai da na kwance nasa tsaf na laluba jaka, ashe na baro kwalbar man keke a gida. Komawa Karaye a wannan rana ta yi mini nisa. Ga wata mata a maƙwabta tana suyar ƙuli-ƙuli, ƙamshi ya cika unguwa. Na ce a raina, ai mai mai ne. Na aika aka samo mini man gyaɗa a murfin kwano, na ɗiɗɗiga wa keken ko'ina. Ummi, wallahi ya yi santsi! Mutumin har da rangaɗa mini kirari. Bayan mako uku ya ɗauko shi a kan jaki ya dire mini a ƙofar shago. Man ya daskare ya zama ƙaro, kiyashi sun yi layi suna shiga suna fita ta ramin allura. Kwana biyu ina wanke shi da kananzir, gaɓa gaɓa. Har mutumin nan ya rasu, in ya hango ni a kasuwa sai ya ɗaga murya, "Haruna Ƙuli-ƙuli, yau da wane mai aka zo?"

Ki yi dariya, na yarda. Amma ki riƙe wannan: abin da ya sa keke ya juya yau kawai ba gyara ba ne. In babu man da ya dace, ki rufe akwatinki ki je ki nemo. In babu allurar fata, kada wani ya miƙo miki ta atamfa ya ce a lallaɓa. Ba a lallaɓa keken fata. In sun ce kin cika iyayi, ki ce kin ji, ki ci gaba da abin da kike yi.

Tabon nan na ƙasan idona na hagu, wanda kike shafawa kina ƙarama kina tambaya ko kaza ce ta tsattsage ni, ba kaza ba ce. Ranar da na fara kafa keke mai moto ne. Mutane sun cika shago suna kallo, an tayar da janareta, ni kuma ina jin kaina. Maimakon in juya kan keken da hannu in ga allura ta sauka ta tashi lafiya, sai na danna wuta na taka. Ashe moton baya yake juyawa. Allura ta daki ƙugiyar da ke ɗauko zare, ta karye, guntun ya tashi ya soke ni a nan. Da ya ƙara tsawon ƙwayar gero sama, da da ido ɗaya kika san ni. Saboda haka kowane keke a cikin takwas ɗin nan, ki fara daidaita teburinsa ya zauna daram a ƙasa. Ki duba bel, kada ya yi ɗauri kada ya yi sako-sako. Ki cire bel ɗin ki kunna moto shi kaɗai, ki ga inda yake juyawa. Sannan ki juya da hannu, a hankali, ki sa kunne. Sai kin ji shiru irin wanda kika sani kafin ki bar wuta ta taɓa shi. Za su tsaya a kanki, wani zai ce, "Hajiya, yau za a gama kuwa?" Ki bar shi ya yi ta tsayuwa, ƙafarsa ce za ta gaji.

Waɗannan biyun na sha ba ku labarinsu a tsakar gida ana dariya. Na ukun ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mahaifiyarki da Baffanki, su ma sai a watan nan.

Shekarar da aka haife ki, Malam Ɗanjuma Baduku, uban Sagir ɗin nan, shi ne baduku na ɗaya a Rogo. Da basilla da zare yake ɗinki, kamar yadda ya gada. In ya yi maka gafaka, jakar Alƙur'ani, sai ka mutu ka bar wa jikanka. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ya ja ni a jiki. Duk ranar kasuwar Rogo a rumfarsa nake cin abinci, in ruwa ya tare ni a gidansa nake fakewa. Mutum ne marar hayaniya, in yana aiki har ka manta yana wurin.

Akwai wani attajiri mai sayen gyaɗa a garin, abokin marigayi kakanki ne, kowa Alhaji yake ce masa. Shi ya ɗauki nauyin saukar Alƙur'ani ta wata Islamiyya, ɗalibai talatin, ya ce kowane ɗalibi sai an rataya masa sabuwar gafaka ta jar fata. Da hannu ba za su kammalu ba kafin ranar. Sai Alhaji ya sayo keken fata ɗan gwanjo mai moto, ya ajiye wa Malam Ɗanjuma a rumfa, ya aiko a kira ni in kafa shi. Saura kwana shida sauka.

Na kafa shi. Na wanke, na zuba mai, na daidaita ƙugiya da allura. Da na juya da hannu sai na ji wani ɗan ƙas, ƙas, can ƙasa wajen haƙoran da ke jan fata gaba. Na buɗe na duba. Ɗan ƙarfen da ke riƙe da tazarar ɗinki ya cinye. Na gane shi sarai, Ummi, kada ki ce ban gane ba. Sai an je Kano an nemo wani, kuma a lokacin mai yiwuwa ne a yi mako ana yawo ba a samu ba.

Kin san abin da na koya miki tun kina tsayawa a kan benci. Ƙyalle yana da haƙuri. Allura takan bi tsakanin zarensa ta wuce, in ɗinki ya karkace ki warware ki goge, babu wanda zai sani. Allurar fata kuwa bakinta wuƙa ne, yanka take yi. Duk inda ta sauka ta bar tsaga, kuma tsagar ba ta rufewa. In tazara ta yi daidai, fatar da ke tsakanin tsaga da tsaga ita ke riƙe da ɗinkin. In tazara ta matse, tsagogin sai su haɗe, ka ga ɗinki a sama kyakkyawa, a ƙasa kuwa ka yanka fatar ne kamar yadda ake huhhuda takardar rasit don a yage ta. Wannan keken a kan fata falle ɗaya yana ja lafiya. Amma a inda kauri ya taru, wajen da ake ɗinke maratayi a jikin gafaka, ninki huɗu, haƙoran za su zame, allura ta yi ta sara a wuri ɗaya. Duk na san wannan tun kafin in mayar da murfin.

Sai ga Alhaji da jama'arsa, har da malaman makarantar. Ya dafa kafaɗata ya ce musu, "Wannan ɗan gidanmu ne, ɗan aminina. Duk ƙasar nan babu mai kunnensa a kan keke." Sannan ya juyo ya ce, "To, Haruna, ya yi?"

Na ɗauko wani guntun atamfa da ke aljihuna, ba fata ba, atamfa, na sa a ƙarƙashin allura na taka. Ɗinki ya fito sambal. Mutane suka yi ta kabbara da mamaki. Na ce, "Ya yi, Alhaji, ranka ya daɗe."

Shekara da shekaru ina gaya wa kaina kunya ce ta kama ni. Wai ta yaya zan kalli abokin ubana a gaban mutane in ce abin da ya sayo da lahani? Haka aka rene mu, babba ya tambaye ka ka ce ya yi, ko tuwon da aka ba ka babu gishiri ka ce ya yi. Amma ƙarya nake wa kaina. Ba kunya ba ce. Daɗin yabon ne ya shige ni, ban so a sauke ni daga inda Alhaji ya ɗora ni. Na ce a raina bayan sauka zan je Kano a ɓoye in sayo ƙarfen in canza, babu wanda zai sani.

Kwana biyu bayan haka na leƙa rumfar. Malam Ɗanjuma ya ɗago wata gafaka ya nuna mini gindin maratayin, ya ce, "Haruna, ni ban san keke ba. Amma wannan ɗinkin bai matse da yawa ba kuwa? Da hannu ba na yin haka." Mutumin nan ya ga abin da idonsa, ya ba ni ƙofa a buɗe. Na ce, "Haka keke yake yi, Malam. Ai shi ne kyansa." Ya gyaɗa kai ya ce, "To, kai ka sani." Ya koma ya zauna ya ci gaba.

Ranar sauka da hantsi ina wurin, a filin makaranta, cikin sabuwar riga. Aka rataya wa ɗalibai gafakokinsu, kowacce da Alƙur'ani a ciki, suka jeru suna tahowa gaban iyaye. Ta farko ta tsinke a kafaɗar wata yarinya. Na ji ƙarar faɗuwarta a ƙasa, har yau ina jin ta. Wuri ya ɗauki salati. Kafin a ɗauke ta, wata ta tsinke, sannan wata, sannan ta huɗu. Littafin Allah sau huɗu yana taɓa ƙasa a gaban duk mutanen Rogo. Malamai suka ruga suna karɓe sauran daga wuyan yara, mata suna kuka, yarinyar farko ta durƙushe ta rungume nata ta ƙi tashi. Alhaji ya miƙe, ya nuna Malam Ɗanjuma da yatsa ya ce, "Ruɓaɓɓiyar fata ka yi wa Alƙur'ani sutura da ita? Kai ko tsoron Allah babu?" Malam Ɗanjuma ya waiwayo yana neman fuskata a cikin taro. Na sunkuya ina gyara takalmina.

Washegari ya hau mota ya zo har Karaye. Ya yi sallama, ya zauna a bencin nan da kike zama, ya ciro guntun maratayi daga aljihu ya ajiye a kan teburina. Ya ce, "Haruna, ni na zaɓi fatun nan da hannuna a wurin majema, ɗaya bayan ɗaya. Duba mini. Fatar ce, ko keken ne?" Na ɗauka na juya. Bakin yagewar a miƙe yake tsaf, haƙori haƙori, daidai kan layin ɗinki. Ko makaho ya shafa ya san allura ce ta yanka. Na ce, "Fatar ce, Malam. Wataƙila jima ce ba ta kama ba." Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To. Allah ya sa mu dace." Ya tashi ya tafi, ya bar guntun a kan tebur. Shi ne wannan da ke hannunki.

Daga ranar babu wanda ya ƙara kai masa ko kuben wuƙa. Yara suna binsa da suna, Mai Ruɓaɓɓiya. A masallaci in ya shiga sahu sai ka ga na kusa da shi ya ɗan matsa. Kafin damina ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma Kano, ya bar rumfar da ubansa da kakansa suka zauna. Sagir yana ɗan shekara bakwai a lokacin. Keken kuwa Alhaji ya sayar wa wani mai takalma, aka sake kirana in duba. Na je Kano na sayo ɗan ƙarfen nan, a rana ɗaya na same shi, Ummi, rana ɗaya tak! Na canza a ɓoye. Keken ya yi shekara goma yana aiki, ana cewa ai hannun Haruna ne ya taɓa shi. Da wannan sunan na ciyar da ku.

Kin san abin da ya karya ni? Ranar da Sagir ya zo, bayan kin shiga gida kawo masa ruwa, na tambaye shi wa ya kwatanta masa ni. Ya ce, "Baba ne. Yana nan da ransa, sai dai ƙafa ta ƙi, kullum yana zaune a ƙofar shago. Da na ce zan sayi kekuna ya ce in je Karaye in nemi Haruna, kunnensa ba ya ƙarya." Kunnensa, ya ce. Bai ce bakinsa ba. Na tabbata tsohon nan ya sani tun ranar da ya zauna a bencina, ya haɗiye, bai ko gaya wa ɗansa ba. Sagir yana fita na rufe shago da rana tsaka na zo gida na gaya wa mahaifiyarki komai. Ta ce, "Malam, shekara ashirin da uku kana kwana da wannan? To ka sauke shi tun mai shi yana da rai."

Na gaya wa Baffanki Lawan abin da na yi niyya, ya kusa haɗiye harshensa. Ya ce, "Kai mahaukaci ne? Alhaji ya rasu, rabin mutanen wurin sun rasu, wa ya tambaye ka? Za ka zubar mana da mutunci, kuma ka jawo a koro yarinyar da ka nace sai ta tafi." Na ce, "Yaya, mutuncin da kake tsoron ya zube ba namu ba ne, na wani ne na ara na yafa. Mai shi yana can zaune a ƙofar shago." Ya ce ba da yawunsa ba. Na ce na ji, ban nema ba.

Ga abin da zan yi. Ranar Juma'a mai zuwa a Rogo zan yi salla. Na riga na nemi izinin liman, in an sallame zan miƙe in faɗa da bakina, a garin da aka kira shi Mai Ruɓaɓɓiya, cewa fatar Malam Ɗanjuma lafiyayya ce, keken ne, kuma ni na sani na ce ya yi. Wanda zai tofa mini yawu ya tofa. Wanda zai daina kawo mini keke ya kai wa wanda ya ga dama, ko a jikina. Ranar Asabar kuma in hau mota in zo Kano in durƙusa a gabansa.

Ba zan ɓoye miki ba, Baffanki yana iya yin gaskiya a abu ɗaya. Sagir ya tashi yana jin ana zagin ubansa, a kan haka ya rasa garinsu. In ya ji wanda ya jawo, yana iya cewa ki tattara akwatinki. In ya ce haka, kada ki yi musu, kada ki roƙa, kada ki yi kuka a gabansa. Haƙƙinsa ne ya yi fushi. Ki gaishe shi ki fito da kanki a sama, don ke ba ki yi wa kowa ƙarya ba. Hannunki naki ne, babu mai ƙwace shi, kuma Kano ba keke takwas ne kaɗai a cikinta ba. Na san na sa aikinki na farko a cikin haɗari, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai. Ki yafe mini. Amma ba zan yarda ki ci abinci a shagon nan a kan ƙaryata ba, gara ki fara daga tsakiyar titi.

In kuma Allah ya sa ya bar ki, to ki ji ni da kyau. Kada ki taɓa gwada keken fata da ƙyalle, ko da wasa. Ki ce a kawo miki ainihin fatar da za a ɗinka, ki ninka ta yadda za a ninka ta a wurin da ya fi kauri, ki ɗinka, ki sa hannu biyu ki ja da duk ƙarfinki. In ba ta yage ba, ki miƙa wa wani ƙato ya ja. Sannan ki buɗe baki. In kuma kin ji ƙas ɗin nan, ko wane ne a tsaye a kanki, ko Sagir ne, ko wanda ya haifi Sagir, ko an tara miki duk Kano ana yabonki, ki rusuna ki gaishe shi yadda aka koya miki, ki ce, "Ranka ya daɗe, bai yi ba." Za a ce 'yar Haruna ba ta da kunya. Ki bar su su faɗa. Ni na yi irin kunyar da suke so, kin ga inda ta kai wani.

Saura abu ɗaya, shi ne roƙona. Ba na so tsohon nan ya fara jin maganar a bakin 'yan mota, kuma tsakanin yau da Asabar ban san abin da Allah zai yi da ni ko da shi ba. Gobe in kin isa shagon, kafin ki buɗe akwati, kafin ki taɓa ko ƙusa ɗaya, ki nemi inda yake zaune. Ki cire takalmi ki durƙusa ki gaishe shi, Baba za ki ce masa. Ki ajiye guntun nan a tafin hannunsa, zai gane shi ko idonsa a rufe. Ya yi mini tambaya a shagona ban ba shi amsar gaskiya ba, ke za ki kai masa. Ki ce, "Baba, Haruna na Karaye ya ce in gaya maka, ba fatar ba ce."

Kada ki ƙara komai a kai. Sauran nawa ne, ina tafe da shi.

Allah ya yi miki albarka, Ummi. Ya tsare idonki daga karyayyiyar allura, ya tsare yatsunki daga bel, ya tsare harshenki daga abin da ya kama nawa. Ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ji maganar Gwaggonki, ki gaishe ta da kyau. Ki sa ni a addu'a ranar Juma'a, wajen ƙarfe biyu, don a lokacin nake buƙatar ƙafafuna su ɗauke ni.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Haruna Mai Keke.